Takun Farfela, Nauyin Kaya da Iyakar Gudun Jirgin Inji: Nazari daga Tafkin Gidimuni zuwa Kogin Kwara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda zaɓin farfela da yanayin ɗaura inji ke ƙara wa jirgin ruwa gudu ko su rage masa. Hujjarta ita ce farfela giyar jirgi ce tilo, don haka nauyin da jirgi ke ɗauka da siffar gangar jikinsa su ya kamata su zaɓe ta, a kuma tabbatar da zaɓin da awo. Dabarun masu tseren jirage na ƙasashen waje suna aiki ga jirgi marar nauyi mai sulɓi a kan ruwa, amma yawancinsu asara ne ga dogon jirgin katako mai ɗaukar fasinja da buhuna.



Wanda ya san Gidimuni zai iya tambaya me ya haɗa ta da zancen gudun jirgin inji. Tafkin nan da ke gabas da birnin Damagaram, a bakin babbar hanyar da ta nufi Gure da Diffa, an shigar da shi jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a watan Disamba na 2019, tare da tafkin Madarunfa na jihar Maraɗi. Faɗin wurin da aka yi wa rajista bai wuce hekta 340 ba. Da murabba'i ne, kowane gefensa ba zai kai kilomita 2 ba, kuma jirgin da ke gudun kilomita 50 a awa zai haye shi cikin kusan minti biyu. Ruwan ba shi da zurfi, ciyawa ta cika gefunansa, masu su da masu lambu ne ke cin moriyarsa. Babu mai tsere a nan. Na fara da shi ne da gangan, domin ƙaramin ruwa irin wannan yana tilasta wa mutum ya fara da tambayar da masu sayen inji ke tsallakewa: wane irin ruwa ne, wane irin jirgi ne, me zai ɗauka? Amsar da ta dace da Gidimuni daban take da ta Bosso a bakin Tafkin Cadi, daban da ta Gaya ko Yawuri a kan kogin Kwara, inda dogayen jirage masu injin Yamaha Enduro ke jigilar mutane da hatsi da kifi ranar kasuwa. A waɗancan wuraren ne ainihin batun yake, kuma a can ne kuskure ke cin kuɗi.

Injin da ake ratayawa a gindin jirgi, wanda Ole Evinrude ya fara ƙera nasa samfurin don sayarwa a Milwaukee ta Amurka wajen 1909, ya bambanta da injin mota a abu guda mai muhimmanci. Direban babbar mota idan ya ɗauko kaya ya tunkari hawa, sai ya sauko giya ta biyu; idan ya sauke kaya ya samu miƙaƙƙiyar hanya, sai ya hau ta biyar. Injin jirgi giyarsa ta gaba ɗaya ce, ba a canza ta. Abin da ke tsaye a madadin sauran giyoyin shi ne farfela. A jikin kowace farfela akwai lambobi biyu, misali 11⅛ x 13. Ta farko faɗinta ne da inci, ta biyu kuwa ita na kira taku, wato nisan da farfelar za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take shiga kamar yadda sukuru ke shiga katako. Farfela mai taku 13 tana neman cin inci 13 a kowane juyi. Dogon taku daidai yake da babbar giya, gajeren taku ƙaramar giya. Duk wanda ya ɗaura wa jirgi mai buhu hamsin farfela mai dogon taku, ya yi abin da direban tirela ba zai taɓa yi ba, wato tayar da mota cike da kaya a giya ta biyar ya kuma bar ta a can har ƙarshen tafiya.

Lissafin ba shi da wuya. Mu ɗauki Yamaha E40X mai ƙarfin doki 40, wanda kamfaninsa ya ƙayyade cewa idan an buɗe masa wuta duka ya kamata ya yi juyi tsakanin 4,500 da 5,500 a minti, kuma giyar ƙafarsa tana raba juyin biyu kafin ya isa farfela. Idan injin na juyi 5,500, farfela na yin 2,750. A ninka da inci 13, wato santimita 33, sai a samu mita 908 a minti, kimanin kilomita 54 da rabi a awa. Wannan gudun takarda ne. Ruwa ba katako ba ne, yana gocewa, don haka kullum akwai rata tsakanin abin da farfela ta nema da abin da jirgi ya samu, ratar da zan kira santsi. A ƙaramin jirgi marar nauyi da aka daidaita sosai, santsin kan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, jirgin ya yi wajen kilomita 47 ko 48 a awa. Daga wannan lissafin ne ruɗun ke shigowa, domin mai jirgi ya ga cewa idan ya mayar da 13 ta zama 15, amsar za ta ƙaru. A takarda za ta ƙaru. A ruwa kuwa, ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna aiki da ita ita ce kowane inci ɗaya da aka ƙara wa taku yana rage wa inji juyi 150 zuwa 200 a minti. Ƙarfin inji kuma da juyinsa yake tafiya: wannan injin yana ba da dokinsa 40 ne a wajen juyi 5,000. Idan farfela ta danne shi ya maƙale a 4,000, abin da yake bayarwa bai fi doki talatin da ƴan kai ba. An biya kuɗin arba'in, ana hawan talatin da biyu, sannan injin na shan wahala: zafi ya yi yawa, baƙin gawayi ya taru a kan fistin, filogi ya riƙa mutuwa. Kishiyar haka ma ɓarna ce, domin taku da ya yi gajarta ainun yana sakin injin ya wuce 5,500, yana kururuwa jirgi bai je ko'ina ba.

Saboda haka dokar farko ita ce a zaɓi farfelar da za ta bar injin ya kai saman iyakar juyinsa da irin kayan da jirgin ya saba ɗauka. Na jaddada kaya domin a nan ne aka fi yin kuskure. Ana gwada farfela da jirgi fanko, mutum biyu a ciki, a ji daɗin yadda yake tashi, sannan gobe a loda masa mutum arba'in da babura biyu.

Kafin a je ga sauran dabaru, dole a rarrabe jirage gida biyu, domin kusan duk shawarar da ake karantawa a mujallun masu tsere ta shafi gida ɗaya ne kawai. Akwai jirgin da idan ya samu ƙarfi yake ɗagowa ya hau saman ruwa yana sulɓi, kamar tsingaron kasko da yara ke jefawa a tafki. Irinsa ne jiragen roba da na gilashi da jami'an tsaro da ma'aikatan ruwa ke amfani da su. Akwai kuma jirgin da ke keta ruwa yana ture shi gefe, kamar garma tana huɗa, wato dogon jirgin katako na Sarkawa da na masu fito. Ga na farko akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta George Crouch, mai zanen jiragen tsere na Amurka, wadda ta nuna cewa gudu yana bin tushen murabba'i na ƙarfin inji a kan nauyi. Ma'anarta a aikace ita ce wanda ya sauya injin doki 40 da na 60 ya ƙara ƙarfi da rabi, amma gudunsa kashi 22 cikin ɗari kawai zai ƙaru. Ko da ya ninka ƙarfin, kashi 41 zai samu. Wanda kuwa ya rage nauyin jirginsa daga kilo 600 zuwa 500 zai samu kusan kashi 10 bai sayi komai ba, abin da sai an ƙara doki 8 kafin a same shi ta hanyar inji. Ruwan da ya taru a ƙasan jirgi ba a kwashe ba, jarkokin da babu buƙatarsu, katakon da ya jiƙe ya yi nauyi, duk dawakai ne ake kashewa.

Jirgi mai huɗa kuwa wata doka ce ke riƙe da shi, wadda injiniyan Ingila William Froude ya fayyace a gwaje-gwajen da ya yi da ƙananan samfura a Torquay a farkon shekarun 1870. Jirgi yana tafiya yana tayar da igiyar ruwa, kuma tsawon igiyar na ƙaruwa da gudunsa. Idan tsawonta ya yi daidai da tsawon jirgin, sai gindinsa ya faɗa cikin kwarin igiyar, goshinsa ya ɗaga, ya zama yana ƙoƙarin hawan tudun da shi da kansa ya gina. Gudun da hakan ke faruwa ana samunsa idan aka ninka tushen murabba'in tsawon jirgi a mita da huɗu da rabi. Jirgi mai mita 9 zai gamu da wannan katanga a wajen kilomita 13 da rabi a awa, mai mita 16 a kilomita 18, mai mita 25 a 22 da rabi. Siririn jirgi yakan ɗan wuce ta, shi ya sa kafintocin bakin kogi, waɗanda ba su taɓa jin sunan Froude ba, suke ƙera jiragensu dogaye sirara. Sun gano dokar da hannunsu tun kafin inji ya zo. Amma jirgin da ya nutse da kaya har ruwa ya kusa bakinsa, sirantarsa ba ta cetonsa sosai. Mu koma ga injin nan na doki 40 mu ɗaura shi a kan jirgi mai mita 16 cike da kaya, a matsayin misalin lissafi. Da taku 13, a ce injin ya maƙale a juyi 4,000: farfela na neman kusan kilomita 40 a awa, jirgi na yin 18, fiye da rabin aikinta dama ruwa ne kawai. A sauko da taku zuwa 9, injin zai farfaɗo zuwa wajen 4,800, santsi ya ragu zuwa kashi 45. Gudun ba zai ƙaru da yawa ba, katangar na nan. Abin da aka samu shi ne inji mai numfashi, ƙarfin turawa idan an fuskanci ruwa mai gangarowa, da damar rage wuta ba tare da jirgi ya mutu ba.

Rage wutar nan shi ne babbar ribar mai jirgin huɗa, ko da yake ba ita ya zo nema ba. A irin wannan jirgi ƙarfin da ake buƙata yana ƙaruwa aƙalla da ninki uku na gudu, wato gudu sau gudu sau gudu, kuma kusa da katangar ya fi haka tsanani. Idan aka rage gudu da kashi 10, buƙatar ƙarfi na raguwa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Injin doki 40 mai bugu biyu yana shan kusan lita 20 a awa idan an buɗe masa wuta duka. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta daɗe tana jan hankalin ƙananan masunta kan wannan, har ta fitar da littafin jagora na Øyvind Gulbrandsen a 2012 kan tsimin mai, wanda ya sa rage gudu a sahun farko na matakai. Zancen ya ƙara nauyi tun 29 ga Mayu 2023 da Najeriya ta janye tallafin fetur, abin da ya taɓa har masu sayen esansi na kwalba a gefen iyaka na Damagaram, duk da matatar SORAZ da ke aiki a arewacin Damagaram tun 2011. A jirgin da ya riga ya jingina da katangarsa, sulusin ƙarshe na maƙurar wuta ƙara da kumfa yake saya.

Akwai kuma wani ragi da yanayinmu ke yi wa inji tun kafin ya taɓa ruwa. Inji iska yake shaƙa, iskar tudu da ta zafi kuwa ba ta da kauri. Ƙiyasin da aka saba shi ne asarar kashi 3 cikin ɗari a kowane hawan mita 300 daga teku. Tafkin Cadi yana wajen mita 280, birnin Damagaram ya haura mita 400. Idan kuma zafi ya tashi daga digiri 25 zuwa 42, kamar yadda yake yi a bazara, kaurin iska na raguwa da kusan kashi 5. A haɗa su, injin da aka rubuta wa 40 zai ba da 36 ko 37 a watan Afrilu. Farfelar da ta zo cikin kwali tare da injin an zaɓe ta ne don matsakaicin jirgi a bakin teku. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai jirgi a Sahel ya karkata ga rage taku da inci ɗaya maimakon ƙarawa.

Yanzu ga batun ɗauri, inda masu tsere suka fi kashe kuɗi da lokaci. Sama da farfela akwai wani faranti a jikin ƙafar inji, aikinsa hana iska sauka daga saman ruwa. Ƙa'idar masu ƙera inji ita ce farantin ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce santimita biyu da rabi ba. Masu neman gudu sukan ɗaga injin sama da haka, wasu har da wani maɗauri na ƙarfe da ke janye shi baya ya kuma ba da damar ɗaga shi kaɗan-kaɗan, domin duk abin da ke cikin ruwa na ƙafar inji birki ne. Suna da gaskiya, a jirginsu. Jan da ruwa ke yi wa abu yana ƙaruwa da gudu sau gudu, don haka ƙafar da ke tafiya a kilomita 54 tana shan ja ninki tara na wadda ke tafiya a 18. Abin da ya zama riba mai auki a can, a jirgin fito ɗan kaɗan ne, haɗarinsa kuwa ɗaya ne: ramukan da inji ke zuƙar ruwan sanyaya kansa suna ƙasa da farantin nan, idan suka fito iska robar famfo za ta ƙone cikin ƙanƙanin lokaci, injin ya bi ta. Matsalar jiragenmu ma akasin haka ce. Ana sayar da ƙafar inji da tsawo daban-daban, gajera don allon baya mai inci 15, doguwa don mai inci 20, kafinta kuma yakan yanke allon da ido. Idan aka rataya doguwar ƙafa a gajeren allo, ta nutse da ƙarin kusan santimita 13, tana jan jirgi baya, tana sharar laka da ciyawa a ruwa marar zurfi. Gyaran wannan guntun katako ne da ƙusoshi huɗu, kuma ina ganin ya fi kowace sabuwar farfela saurin biyan kuɗinsa.

Karkatar inji ma haka take. A ƙananan injuna akwai jerin ramuka da ƙusa ɗaya da ke ƙayyade kusantar ƙafa da jikin jirgi. Idan ƙafa ta matso ciki, goshin jirgi na dannuwa ƙasa, ya yi saurin tashi amma ya rage gudun ƙarshe. Idan ta fita waje, goshi na ɗagawa, jikin da ke taɓa ruwa ya ragu, gudu ya ƙaru, har zuwa inda jirgi zai fara tsalle-tsalle kamar ɗan akuya, alamar an wuce gona da iri. A dogon jirgin katako kuwa abin da ake nema shi ne sandar farfela ta kwanta daidai da saman ruwa lokacin tafiya, kuma jera kaya daga gaba zuwa baya ya fi ramin ƙusa tasiri nesa ba kusa ba.

Yana da kyau a bambanta cuta biyu da ake yawan haɗawa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan inji ya yi kururuwa farat ɗaya jirgi ya saki, musamman a kwana, farfela ce ta shaƙi iska. Maganinta a sauke inji ko a matso da ƙafarsa ciki. Ɗayar cutar ita ce tafasar ruwa ba tare da wuta ba: a bayan fiffiken farfela matsi na faɗuwa har ruwan ya zama tururi, ƙwayoyin kumfa su fashe a jikin ƙarfe su riƙa cinsa kamar gara. Wannan ce ta tsayar da Charles Parsons a 1894, lokacin da jirginsa Turbinia, duk da ƙarfin injinsa, ya kasa wuce kilomita 37 a awa da farfela ɗaya. Sai da ya gina akwatin gwaji ya ga kumfar da idonsa, ya raba aikin ga sanduna uku masu farfela tara, sannan jirgin ya kai kusan kilomita 64 a 1897. A wajenmu abin da ya fi jawo ta shi ne fiffike da ya gutsure ko ya lanƙwashe. Nan ne aikin mai walda ke shigowa. Ƙwarewarsa abin yabo ce, yana mayar da farfelar da ta karye bakin aiki cikin yini ɗaya, amma fiffiken da aka cike aka goge da ido ba lalle takunsa da nauyinsa su yi daidai da na ƴan'uwansa biyu ba. Sakamakon shi ne karkarwa, karkarwa ta kashe robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga man giya ya mayar da shi fari kamar nono.

Za a iya kawo suka a kan wannan matsayi, kuma wasu na da ƙarfi. Na farko, a ce direban da ya shekara ashirin a kan ruwa kunnensa ya ishe shi. Kunnensa na gane injin da ke ciwo, wannan ba a musu. Amma bambancin juyi 4,300 da 4,800 ba ya jiyuwa a cikin iska da ƙarar ruwa, kuma a wannan tazarar ce hukuncin yake. Gani ya kori ji. Akwai ɗan ƙaramin agogon juyi da ake naɗa wayarsa a jikin wayar filogi, kuma kowace wayar hannu ta zamani na auna gudu ta tauraron ɗan'adam. Sharaɗin kawai shi ne a yi gwajin da cikakken kaya, a je a dawo a kan hanya ɗaya a raba biyu don a soke tasirin iska da gangarar ruwa, kuma a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Agogo ɗaya a hannun Sarkin Ruwa ko shugaban ƙungiyar masu fito ya ishi tasha guda. Suka na biyu ya fi wuyar amsawa: me amfanin sanin takun da ya dace idan mai shago iri ɗaya yake kawowa? Gaskiya ne ƴan kasuwa na kawo abin da ake tambaya, kuma muddin mai saye na cewa a ba shi farfelar arba'in ba tare da lamba ba, to 13 za a miƙo masa. Kamfanin kuwa yana yin masu taku 11 da ƙasa da haka don wannan injin. Ranar da masu jirage goma na tasha ɗaya suka nemi lamba ɗaya, dillalin da ke sayo kaya daga Kano ko Legas zai kawo ta.

Suka na uku shi ne na masu cewa a bar alminiyam a koma farin ƙarfe marar tsatsa. A jirgin gudu hujjarsu na tsaye: ƙarfen ya fi tauri, ana iya yin fikafikansa sirara, ba sa lanƙwasa idan an matsa musu, kuma ɗan murɗin da ake yi wa bakinsu yana riƙe ruwa ko da an ɗaga inji. Sai dai a tambayi abin da ke ƙarƙashin ruwan. Tafkin Kainji, tun da aka kammala madatsarsa a 1968, yana ɓoye da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye. A arewacin Tafkin Cadi, wanda ya sauko daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da ushirin haka a tsakiyar shekarun 1980, dajin ƙaya ya tsiro a busasshen ƙasan, da ruwa ya dawo ya tarar da shi a tsaye. Farfelar alminiyam idan ta bugi kututture ita ke karyewa, a sauya ta a ci gaba da tafiya. Ta farin ƙarfe takan tsira ta miƙa dukan ga sanda da haƙoran giya, waɗanda kuɗinsu ya ninka nata, kuma ba a gyara su a tsakiyar ruwa. A ruwa mai tsabta da zurfi, ga jirgin jami'ai mai sulɓi, farin ƙarfe ya cancanta. A sauran wurare raunin alminiyam kariya ce.

Suka na ƙarshe na ɗabi'a ne: ya dace a tsaya ana koyar da ƙarin gudu a yankin da ruwa ke cin mutane? A 26 ga Mayu 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da ɗari ya tarwatse a kogin Kwara kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi. A 30 ga Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar Watari tsakanin Badau da Bagwai a jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A duka biyun yawan lodi na cikin abin da hukumomi suka ambata. Amsata ita ce awon da nake kira a yi shi ne kuma ke tona asirin lodi. Idan an san jirgi da farfelarsa na yin juyi 5,000 da kayansa na ƙa'ida, ranar da agogo ya nuna 4,300 a ruwa ɗaya, to nauyi ya wuce kima ko wani abu ya naɗe ƙafa, kuma lamba ce da ba a gardama da ita a bakin tasha. Bayan haka, jirgin da injinsa ke da sauran numfashi yana iya juya goshi ya fuskanci igiya idan hadari ya taso, wanda farfela ta shaƙe kuwa ba shi da abin da zai ƙara.

Idan aka dawo Gidimuni da wannan ma'auni, amsar da ke fitowa ƙarama ce. Kwalekwale mai mita 6 katangarsa na wajen kilomita 11 a awa, abin da inji mai doki biyu zuwa biyar zai kai shi, kuma a wannan gudun ma hayewa ba ta wuce minti goma. Injin doki 15 a nan zai tayar da laka, ya yanke komar masunta, ya zubar da man bugu biyu a ruwan da ake ban-ruwan lambu da shi, ya kuma kori tsuntsayen da ke cikin dalilan ba wurin matsayinsa na Ramsar. Inda kacala da kainuwa suka rufe hanya, kamar yadda suka yi a dausayin Haɗejiya da Nguru, ƙafar inji ta tsaye ita ce ke fara naɗewa. Tsarin da ya fi dacewa da irin wannan ruwa shi ne na ƙasar Tailan, inda ake ɗora ƙaramin inji a kan maƙalli mai juyawa, a jona masa doguwar sanda mai ƴar farfela a ƙarshe, direba ya riƙa ɗaga ta yana tsoma ta gwargwadon zurfi. Injin da ake buƙata don wannan bai bambanta da na famfon ban-ruwa da ke kowane lambu a bakin tafkin ba, sandar da maƙallin kuma aikin maƙera da masu walda ne na kasuwar Dole a Damagaram.